Sassumbrum: Yadda Kalangu Ya Shiga Akwati

Sassumbrum gari ne na bakin iyaka. Yana cikin gundumar Magarya, can ƙasan jahar Damagaram, yamma da garin Magarya, kudu da Matamaye. Wanda ya ba gari baya ya fuskanci kudu, kafin jakinsa ya gaji ya shiga ƙasar Zango ta masarautar Daura. Iyakar da ta raba su ba tsohuwa ba ce: Faransa da Ingila suka shata ta a takarda cikin 1906, sa'an nan ayarin Tilho da O'Shee ya bi daji yana kafa alamu har zuwa 1908. Kafin wannan lokaci, zuriyar sarakunan Daura da jihadi ya fitar daga birni sun zauna a Zango da Baure ƙarƙashin inuwar Damagaram. Shi ya sa aure da makoki da ciniki da kiɗa ba su taɓa sanin da wannan layi ba. An rufe shi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma ba a ji an fasa kai amarya ba.

Ƙasar jigawa ce mai karɓar hatsi da wake da gyaɗa, sai fadamu inda ake rake da kayan lambu. Ma'aikatan gona sukan haɗa Magarya da Matamaye da Mirya su kira su "M uku", yankin da ya cika buhunan kamfanin SONARA tun daga kafa shi a 1962, har fari da cutar gyaɗa suka karya noman cikin shekarun 1970. Abin da ya fi ɗaukar idon baƙo a yau shi ne gawo. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tsironsa cikin gonaki suna yi masa sassabe, har gona ta koma kamar daji mai tsari. A kasuwa kuwa naira da sefa tare suke yawo, mai tebur yana lissafi da dala da jikka a hannun dama, da naira a hannun hagu, bai kuma ruɗe ba.

To amma wanda ya kwana a wannan yanki da kaka, lokacin da rumbuna suka cika aka shiga ɗaurin aure, kunnensa zai fi idonsa samun labari. Bayan isha'i sai kiɗa ya tashi daga wata unguwa, da ƙarfin da ba hannun mutum da zai iya fitar da shi. Akwai kalangu a ciki, ko wani abu mai kama da shi, akwai sarewa, akwai tafi. Idan aka bi sautin aka isa dandali, ba za a tarar da makaɗi ko ɗaya ba. Sai manyan lasifikoki bisa teburi, da ɗan injin wuta yana tari a gefe, da saurayi guda da ake kira dije yana latsa waya ko kwamfuta. Ƴan mata na rawa, samari na liƙi, kalangun kuwa yana ta bugawa babu gajiya, babu kuskure, babu kuma wanda za a ce wa sannu da aiki.

Wannan kalangu yana da tarihi, kuma daga Kano ya taso. Bayan da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe kasuwar finafinan Hausa a 1990, masu shirya su suka buƙaci kiɗa mai araha wanda mutum ɗaya zai haɗa a ɗaki ɗaya. A tsakiyar shekarun 1990 ɗakin ɗaukar sauti na Iyan-Tama ya shigo da fiyano ƙirar Yamaha, kuma samarin da suka zauna gabanta suka yi ta lalube cikin ɗaruruwan muryoyin da masu ƙera ta suka zuba mata, suna neman wadda ta yi kusa da sarewa, da wadda ta yi kusa da bandiri ko duma. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ita ta nuna wa kowa cewa wannan dabara tana kawo kuɗi. Daga nan kaset ya ɗauko kiɗan ya tsallako iyaka, faifan CD ya gaje shi, yanzu kuma ɗan katin ajiya da bai kai farce ba shi ke ɗauke da waƙoƙi dubu daga shagon mai cajin waya zuwa kowane ƙauye tsakanin Sassumbrum da Dungas.

Fiyano dai ta masu yatsu ce. Akwai kuma wata na'ura da aka ƙera musamman don makaɗa, wadda za a iya kira allon ganga na lantarki. Girmansa bai wuce tiren shayi babba ba, fuskarsa roba ce da aka raba gida-gida kamar dara, kuma da sanda ake bugunsa. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da na farko da ya yi suna, Octapad mai gida 8, a 1985; shi wannan ba shi da murya ko ɗaya a cikinsa, saƙo kawai yake aika wa wata na'ura ta yi ƙara. A 2003 kamfanin ya fitar da SPD-S wanda ke iya ɗaukar sauti da kansa ya adana, sai SPD-SX a 2011, mai gida 9, shida manya uku ƙanana a bakin sama. Yamaha da Alesis su ma suna da nasu. Kuɗinsa ya fi ƙarfin dijen ƙauye, shi ya sa an fi ganinsa wajen ƙungiyoyin kiɗa na birane da ɗakunan sauti. Amma aikin da yake yi ya riga ya sauko cikin kwamfuta ta hanyar manhajoji irin su FL Studio, ya sauko har cikin wayar hannu, inda gidajen suke fitowa a gilashi ana bugunsu da yatsa. Duk kiɗan da ke tashi a dandalin Sassumbrum ta irin wannan hanya ya biyo.

Abin da ke cikin kowane gida shi ne gutsuren sauti: bugu ɗaya na ganga ta gaskiya, da aka ɗauka aka mayar lissafi. Na'urar tana auna sautin sau 44,100 cikin daƙiƙa ɗaya, kamar yadda ake yi wa faifan CD, ta ajiye, duk sa'ad da sanda ta taɓa gidan sai ta maido shi yadda yake. Saboda haka darajar allon ba a robarsa take ba, tana wajen wanda ya zaɓi abin da za a zuba ciki. Masu ƙera shi sukan cika shi da gangunan Turai da Amurka, da konga ta Kuba, da tabla ta Indiya, da jembe ta Mali da Gine. Sau da yawa akan samu wata guda da suka yi wa laƙabi da "ganga mai magana", ba ƙasa, ba gari, ba sunan mai bugu. Kotso, da taushi, da jauje, da kurya, da dundufar maƙera, da gangar noma, babu wanda ya san da su a ma'aikatar. Saurayin da ke gaggawa sai ya ɗauki wadda ta yi kusa ya ce ai duk ganga ce. A nan ne kunnen jama'a ya fara sauyawa ba tare da kowa ya yi shawara da kowa ba, domin yaron da ya tashi yana jin tabla ana ce masa kalangu, ran da ya ji na gaskiya sai ya ce wannan bai da daɗi.

Wanda ke son aikin ƙwarai dole ya tashi ya nemi makaɗi. Kuma ba a rasa su ba a wannan ƙasa: kowane gari mai mahauta yana da gidan kalangu, tun da asali kiɗansu ne kafin ƴan mata da ƴan dambe su are shi, kafin Mamman Shata ya kai shi duniya. Zaman yakan zo da ban mamaki ga dattijon. Shi da ya saba a ce masa ya yi kiɗa, sai ga yaro ya durƙusa yana cewa, Baba, bugu ɗaya kawai, a saki tsarkiya. Sa'an nan, Baba, a sake ɗaya, a matse. Dattijon yakan yi dariya ya ce, yaro, wannan ai ba kiɗa ba ne, ƙwanƙwasa ƙofa ce. Gaskiyarsa. Amma haka na'urar take cin abincinta, loma-loma.

Wurin ɗauka ma sai an zaɓa. Ɗakin kwano yana mayar da amo, ya sa ganga ta yi kamar ana bugunta cikin tanki. Ɗakin ƙasa mai rufin azara shi ya fi, domin bangon yana shanye ƙarar da ta wuce kima. Sai an kashe injin wuta, an jira jaki ya gama kuka, an kori kaji. Lokaci kuma yana da nasa hukunci. Da damina fata takan saki saboda laima, sai an gasa ta a bakin wuta kafin ta yi murya. Da hunturu kuwa takan ɗaure ta yi kaifi. Ganga ɗaya, murya biyu, kuma wadda aka ɗauka a ranar ita za ta zauna a akwati har abada a matsayin muryar wannan ganga.

Bayan ɗauka sai gyara, kuma nan ne ake gane gwani. A gilashin na'ura kowane bugu yakan fito kamar ɗan tsako na ruwa, kai babba, wutsiya siririya. Dole a datse shirun da ke gaban kan, in ba haka ba sanda za ta faɗi sautin ya makara, ko da da ƙiftawar ido ne, mai rawa kuwa ƙafarsa takan gane wannan makara kafin kunnensa. In kuma aka zarce aka ci kan, an cire ƙarar haɗuwar gula da fata, sai bugun ya zama kamar an daki matashin kai. Wutsiya ita ce wurin gardama. Masu son kiɗa mai tsabta suna gajarta ta don kada bugu ya hau kan bugu. Amma a wutsiyar nan ne icen gangar yake numfashi, a nan ne zugar tsarkiya take, a nan ne ake bambanta kalangun wannan gida da na wancan. Sa'an nan a daidaita ƙarfin gutsattsarin don kada wani ya danne wani, a raba su gida-gida yadda hannu zai same su da sauƙi: sakakken bugu a hagu, matsattse a dama, kuntuku a ɗan gidan sama. Wasu alluna suna yarda a ɗora bugu mai taushi da mai ƙarfi a gida ɗaya, na'ura ta zaɓa gwargwadon nauyin sanda. Wanda ya yi ƙyuya ya sa gutsure ɗaya tak, duk bugun da ya jero zai fito iri ɗaya sak, kamar injin niƙa, alhali babu makaɗin da ya taɓa yin bugu biyu masu kama da juna ɗari bisa ɗari.

Duk wannan ana iya koyonsa. Abin da ya gagari allon shi ne magana. Hausa harshe ne mai hawa da sauka: da karin murya ake raba kuka na itace da kuka na hawaye, da wuya ta jiki da wuya ta wahala. Kalangu yana magana ne domin makaɗi yana rungume da shi a hammata, yana matse tsarkiya yana saki, muryar fata tana hawa tana sauka, har ma tana zamewa daga sama zuwa ƙasa cikin bugu ɗaya bayan gula ta riga ta tashi. Da haka yake kiran mutum da takensa, ya ambaci ubansa da kakansa da sana'arsu, ba tare da ya buɗe baki ba. Allo mai gida tara yana iya riƙe murya tara, amma tsakanin kowace biyu akwai hanya, kuma a kan hanyar maganar take. Na'ura tana iya ɗaga muryar gutsure ko ta sauke ta da lissafi, sai dai in an matsa mata sautin yakan ƙanƙance ya koma na gwangwani. Dabarar da ta rage ita ce a ɗauki jimla sukutum, take guda daga farko har ƙarshe, a sa shi a gida ɗaya. Wannan yana fitowa da kyau ƙwarai. Illa dai take na mutum ɗaya ne. In aka ɗauki na wani mahauci aka yi ta juya shi a bikin kowa, to ana kiran sunan mutumin da ba ya wurin, a gaban mutanen da ba su san ana kira ba.

Akwai kuma zancen gudu. Kiɗan na'ura yana tafiya bisa agogo, an ƙayyade masa bugu kaza a minti, ba ya ƙari ba ya ragi. Makaɗi kuwa idonsa yana kan ƙafar mai rawa. In yarinya ta shigo fili da kunya sai ya lallaɓa ta, in ta zafafa ya bi ta, in ya ga uwar ango ta taso ya juya kiɗa ya tare ta tun daga nesa. A da kiɗa ke bin rawa. A dandalin dije rawa ke bin kiɗa.

Kada a ɗauka mutanen Sassumbrum ba su san wannan bambanci ba. Sun sani, lissafi ne ya rinjaya. Makaɗa ƙungiya ce, da mai kalangu da ƴan karɓi da maroƙi, a ciyar da su, a sallame su, kuma kowane baƙo da aka kira da take sai ya sa hannu a aljihu ko ya ji kunya. Dije kuɗinsa yankakke ne, an san shi tun kafin biki. Ko da man fetur ya yi tsada bayan Najeriya ta janye tallafi a ƙarshen Mayu 2023, abin da ya taɓa kowane injin wuta a bakin iyaka, hasken rana da batir sun toshe gurbin. Ga kuma wa'azin malamai da ya daɗe yana sukar roƙo, har wasu ƴaƴan makaɗa suka gwammace acaba ko ci-rani a Kano da su rataya gangar ubansu.

Tambayar da ta kamata ma'aikata da ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi su tsaya a kanta ita ce ta haƙƙi. Dattijon da aka ɗauki bugunsa an sallame shi sau ɗaya, da goro da ɗan abin da ya samu. Gutsuren kuwa ba ya tsufa: a kwafe shi daga kati zuwa kati, ya shiga waƙa ɗari, ya je Yamai da Kano da Agadas, ba sunansa ba ladansa. Duniya ta riga ta ga irin wannan. A 1969 wata ƙungiyar Amurka mai suna The Winstons ta fitar da faifai wanda a cikinsa makaɗinta, Gregory Coleman, ya yi bugu shi kaɗai na daƙiƙa shida zuwa bakwai. An yanki wannan wuri an sa shi a dubban waƙoƙi, shi kuwa ya rasu a 2006 cikin talauci bai karɓi ko sisi ba. Manu Dibango na Kamaru ya fi shi sa'a, domin da aka ɗauki wani yanki na waƙarsa Soul Makossa ta 1972 aka sa a faifan Michael Jackson, ya yi ƙara har aka sasanta da shi. Amma shi yana da suna, yana da lauya, yana zaune a Faransa. Nijar ba ta rasa doka ba. Tun 1993 aka kafa dokar haƙƙin mawallafa wadda ta haɗa har da kayan al'adun gargajiya, aka sabunta ta a 2010, kuma akwai hukumar BNDA da aka ɗora wa kula da wannan haƙƙi. Sai dai hukuma tana sanin wanda ya yi rajista ne, makaɗin mahauta kuwa bai taɓa jin an ce bugu ɗaya dukiya ba ne. Takarda guda da za a rubuta sunan mai ganga, da garinsa, da ranar ɗauka, da abin da aka yarda a yi da sautin, ba ta fi ƙarfin kowane ɗakin sauti na Damagaram ba.

Ba kuma daidai ba ne a ɗora wa na'ura laifin duka. Mamman Sani ya nuna tun 1978, da kaset ɗin da ya yi da fiyanon lantarki a Yamai, cewa ɗan ƙasa yana iya sa injin Turai ya yi waƙar Nijar. Shekara da shekaru kiɗansa na fita a rediyo da talabijin na ƙasa, kuma da aka sake buga shi a Amurka a 2013 duniya ta karɓa. Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya je har bakin tafkin Cadi ya koyi biram daga hannun mai ita na ƙarshe don kada ta ɓace. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, wadda aka buɗe a 1989, tana ajiye da kayan kiɗan ƙasa, gidan rediyon Muryar Sahel kuma yana da tsofaffin zarurruka, ciki har da muryoyin mawaƙan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram. Amma waɗannan taskoki waƙa suka ajiye, murya da ganga a cakuɗe, ba a iya zare bugu ɗaya mai tsabta daga ciki. Gangunan ƙasar Magarya da Dungas, kowace da muryarta ita kaɗai, da taken da take faɗi da fassararsa daga bakin mai ita, aiki ne na ƴan makonni ga mutum biyu da na'urar ɗauka ɗaya, muddin masu gangunan suna da rai. Tambarin fada ma ba a kowane lokaci ake bugunsa ba, kuma ba a taɓa shi sai da izni. Wanda ke son muryarsa sai ya bi ta ƙofar fada ya jira ranarsa.

Inda dije bai iya shiga ba tukuna shi ne fagen kokowa da dambe. Bayan girbi, idan ƙauyuka suka haɗu a fili da la'asar, lasifika takan yi aikin sanarwa kawai, kiɗa na masu ganga ne. Ɗan kokowa ba ya fitowa don an kunna waƙa. Yana zaune cikin mutanensa, an ɗaura masa layu, sai makaɗi ya ratsa fili ya tsaya gabansa ya saki takensa, ya maimaita, ya ƙara matse tsarkiya har muryar ta yi tsini. Wani lokaci sai an yi sau uku ko huɗu, jama'a sun yi tsit, kafin tsikar jikinsa ta tashi ya miƙe ya yi kirari. In ya ƙi tashi, makaɗin ya juya ya nufi abokin karawarsa da wani take dabam, ƴan karɓi na biye da shi cikin ƙura.